Waiwaye: Daga Hayis Zuwa Adaidaita Sahu, Lokacin Kanawa Ne Ya Salwanta

Tambayi duk wanda ke zaune a Kano: minti nawa ne daga Rijiyar Lemo zuwa Hotoro ranar Litinin da safe? Ba zai ba ka adadi ba, zai ce maka ya danganta. Ya danganta da ƙarfe nawa ka fito, da ko ka dace da adaidaitar da za ta kai ka Bata kai tsaye, da ko wata tirela ta maƙale a hanyar Katsina, da ko an kwana ana ruwa. Shi ya sa ma'aikacin da ake jira ƙarfe 8 yakan baro gida gari bai gama wayewa ba. Wurin aikin ba wani nisa gare shi ba, matsalar ita ce babu mai iya yi masa alƙawarin lokacin isa. Idan aka waiwayi shekaru 40 da suka wuce, za a ga birnin ya sauya abin hawa sau da dama, amma wannan ciwo na rashin tabbas yana nan inda yake.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 da 1990 sun san zamanin hayis da tasi. Bata da 'Yankura su ne cibiya, daga nan motoci ke watsuwa. Kwandasta na rataye a ƙofa yana kira: Kurna, Bachirawa! Kabuga, Janguza! Unguwa Uku, Na'ibawa! Kowace mota da hanyarta, kowace hanya da kuɗinta, ko ɗan firamare ya san inda zai tsaya. Abu ɗaya ne hayis ba ta da shi, wato agogo. Ba ta tashi sai ta cika, kuma "saura mutum ɗaya" na iya cinye maka rabin awa kana zaune kana zufa. Ba mugunta ce ta sa direba yin haka ba. Motar ta wani ce, da yamma zai kai balas, ga kuɗin mai, ga na 'yan kamasho, ga abin da zai kai gida. Duk kujerar da ta bar tasha babu kowa, daga aljihunsa aka cire ta. To da yake dole wani ya ɗauki asarar, sai aka ɗora wa fasinja, ya biya da lokacinsa.

Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota da kayan gyara suka fi ƙarfin masu haya. A 1988 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin sufurin jama'a, jihohi suka samu bas-bas. Sai dai riba ta fi auki a doguwar tafiya, shi ya sa har yau idan an ce Kano Line, jigila tsakanin garuruwa ce ke fara zuwa wa mutum a rai, ba kai ma'aikaci ofis da safe ba. Giɓin da aka bari a cikin gari, acaɓa ce ta cike shi. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suna ta rage ma'aikata, baburan China masu araha suna ta shigowa, 'yan siyasa kuma suna rabon su a matsayin tallafi. Matashin da ba shi da aikin yi ya samu sana'ar da ba ta buƙatar komai sai ya iya riƙe kan babur.

Acaɓa ta ba Bakano abin da hayis ta hana shi: ka tsayar, ka hau, a tafi, har cikin lungu. Amma ta karɓi ladanta da tsada. Hayaƙi ya turnuƙe gari, haɗura suka yawaita, ma'aikatan asibitin ƙashi na Dala sun fi kowa sanin wannan labari. Akwai kuma wata illa da ba a cika ambata ba. Duk fasinjan da ya gaji da jira ya hau babur, ya ƙara wa waɗanda suka rage a cikin hayis tsawon jira, su ma sai su gaji su sauka. Haka motar haya ta yi ta rasa mutane, kuɗin shiga ya ragu, gyara ya gagara, har ta zama sai wanda ba shi da zaɓi ke shigarta.

Keke mai ƙafa uku ya shigo a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da aka hana mata hawa bayan 'yan acaɓa, aka kawo shi domin ɗaukarsu ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Bai mamaye gari ba sai bayan shekaru takwas. Ranar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a kusa da Masallacin Murtala, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur. Dubban matasa suka wayi gari babu sana'a, jama'a suka wayi gari babu abin hawa, sai kowa ya koma kan adaidaita, maza da mata. A lura da kyau: matakin 2005 na tarbiyya ne, na 2013 kuma na tsaro. Kowannensu yana da hujjarsa, amma babu wanda aka ɗauka bayan an zauna an lissafa yadda mutanen ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, waɗanda tun a ƙidayar 2006 sun haura miliyan 2.8, za su riƙa zuwa aiki suna komawa gida. Abin hawan da birnin ya dogara da shi yau, larura ce ta zaɓa masa.

Ba za a raina adaidaita ba. Tana ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa, kuma duk inda ka tsaya za ka same ta. Amma titi yana da lissafinsa. Adaidaita na ɗaukar mutum uku a baya, wani lokaci a maƙala ɗaya ko biyu a gefen direba. Babbar bas guda na kwashe mutum 60 ko fiye, wato aikin adaidaita 15 zuwa 20. Kowace daga cikinsu kuma tana tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu, ta yi kwana inda ta ga dama, domin shi ma direban balas ke jiransa, ko kuwa bashin keken da ya karɓa yana biya a hankali. An kafa hukumar KAROTA a 2012 don ta tsara zirga-zirga, amma jami'in da ke tsaye a shataletale ba zai iya ƙara wa titi faɗi ba. Ga kuma tafiya mai zango-zango: wanda zai ratsa gari daga wannan gefe zuwa wancan yakan hau sau biyu ko uku, kowane zango da jiransa da cinikinsa. A ce mutum na rasa awa biyu kullum a hanya, Litinin zuwa Juma'a, a mako ya yi asarar awa 10, fiye da yinin aiki guda cur. Babu wanda ke rubuta wannan a kasafin kuɗi, amma malamar asibiti da ta makara karɓar aiki da ɗalibin da ya tarar an rufe ƙofar makaranta su suke biya.

Raunin dogaro da hanya ɗaya ya fito fili a yajin aikin da 'yan adaidaita suka yi a Fabrairun 2021 da kuma Janairun 2022 kan harajin da aka ɗora musu. Gari ya koma tafiyar ƙafa, wasu suka ɗare motocin ɗaukar kaya. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin hawa ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa suka koma taka rabin hanya su hau rabi.

Gwamnatoci ba su zauna haka nan ba, sai dai galibin kuɗin kan siminti ya tafi. An yi gadar Ƙofar Nasarawa, an haƙa ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa, an yi doguwar gadar Sabon Gari, an yi ta Dangi da ta Hotoro. Sun rage wahala a wuraren da aka yi su, babu musu. Amma gada na tura cunkoso ne zuwa mahaɗa ta gaba, kuma wanda ya fi morar ta shi ne mai motar kansa da zai wuce ba tare da ya sauke kowa ba. A 2016 aka yi shelar jirgin ƙasa na cikin gari kan dala biliyan 1.85, bai bar takarda ba. A ƙarshen 2022 gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje ta sayo bas 100 da tasi 50 da sunan Kanawa, ta kuma sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna. Jama'a suka koka, nan da nan aka janye dokar, domin motocin ba su kai su ɗauke nauyin da ake son sauke wa keken ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Legas ta bi wata hanyar daban, kuma akwai abin koyo a ciki ko da ba ta rabu da nata cunkoson ba. Ta fara da doka, ta kafa hukumar sufuri ta LAMATA a 2002, aka shafe shekaru ana ƙirga fasinja ana nazarin hanyoyi. Sai a Maris ɗin 2008 aka buɗe layin bas na BRT daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22, aka keɓe masa sashen titi da shinge don kada ya maƙale tare da sauran motoci. Ba a kori ƙungiyar direbobi ta NURTW ba, an sa ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta zama cikin masu gudanar da motocin. Sayen bas shi ne mataki na kusan ƙarshe a wurinsu. Mu kuwa da shi muke farawa, sau da yawa kuma a nan muke tsayawa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, bayan 'yan shekaru a tarar da motocin a jibge babu taya.

Kano ta fi birane da yawa sauƙin tsarawa. Manyan hanyoyinta sanannu ne: ta Zariya, ta Katsina, ta Gwarzo, ta Maiduguri, ta Haɗeja da ta Panshekara, dukkansu suna zubowa tsakiyar gari inda Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari suke. Motsin ranakun aiki ma a bayyane yake. 'Yan makaranta da ma'aikata su ke cika titi daga ƙarfe 7 zuwa 9, 'yan kasuwa su biyo baya da hantsi, makarantu su tashi wajen azahar, 'yan Islamiyya su fito da la'asar, kasuwanni su watse gab da magariba, ranar Juma'a kuma sahun masallata ya rufe wasu tituna da rana. Birnin da ke motsi a kan ƙa'ida irin wannan zai iya samun jadawalin bas. An ma gwada a ƙaramin mataki: motocin da ke kai ɗalibai mata makarantun gwamnati, waɗanda aka fara a zamanin Kwankwaso kuma gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da su, sun nuna cewa idan mota na da wurin tsayawa da lokacin zuwa, mutane za su tsara safiyarsu a kanta.

Darasin da shekarun nan suka bari ba mai wuyar fahimta ba ne. A ɗauki hanya guda tukuna, a ƙirga masu binta awa bayan awa. A keɓe wa bas layinta, KAROTA ta tsare shi. A liƙa jadawali a kowace tasha, motar ta tashi a kan lokaci ko da rabinta babu kowa, wanda hakan ba zai yiwu ba sai an daina ɗaure direba da balas an koma biyansa albashi. A gina garejin gyara, a ajiye kayan gyara tun kafin motoci su iso. A zauna da ƙungiyoyin 'yan adaidaita, a ba su aikin kwaso mutane daga unguwanni zuwa manyan tashoshi, a horar da masu so su zama direbobi da kanikawa, domin duk tsarin da zai raba dubban magidanta da abincinsu ba zai kwana biyu ba.

Fiye da komai, abin na buƙatar ya fi gwamnan da ya kawo shi tsawon rai. Mun ga yadda kowace gwamnati ke zuwa da motocinta da sunanta da launinta, ta gaba ta zo ta kau da kai. Kira a nan shi ne ga Majalisar Dokokin Jihar Kano: ta yi dokar da za ta ɗora sufurin cikin gari a wuyan hukuma guda ta ƙwararru, mai kuɗin gyara a kasafin kowace shekara, wadda za ta riƙa bayyana wa jama'a yawan motocin da ke aiki da yawan waɗanda suka tashi a kan lokaci. Idan ba a yi wannan ba, motocin da za a sayo gobe ma inda na jiya suka kwanta nan za su kwanta.