Filin Wasanni: Yadda ƙaramin garin Yangen ya ci kofin ƙasashen teku

  A wannan wata filinmu na wasanni zai kai ku nesa ƙwarai, can tsakiyar babban tekun da ake kira Pasifik. Za mu ba ku labarin wata gasar ƙwallon ƙafa, wato balo, da aka yi a shekarar 2019. A wannan gasa wani ƙaramin gari na manoman doya da masunta ya kayar da manyan birane, ya ɗauki kofi. Wasu sun ce sa'a ce kawai. Ku karanta har ƙarshe, sannan ku yanke hukunci da kanku.

Ina ne wannan wuri?

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ba a shiga ba a fita sai da jirgin ruwa ko jirgin sama. A tekun Pasifik akwai tsibirai dubbai, manya da ƙanana. Yankin nan shi ake kira Oseyaniya. Ƙasashe 11 na yankin suna da hukumar ƙwallo guda, sunanta OFC. A cikinsu akwai Nuwel Zelandi, da Fiji, da Tahiti, da Banuwatu, da tsibiran Salomon, da Papuwa Sabuwar Gini, da Nuwel Kaledoni. Sauran huɗu ƙanana ne: Samowa, da Samowar Amurka, da Tonga, da tsibiran Kuk.

Hukumar OFC tana shirya gasa tsakanin ƙungiyoyin garuruwa. Ekip ɗin da ta fi kowa a ƙasarta ita ke zuwa ta kara da takwarorinta na sauran tsibirai. An fara gasar a 1987. Tun daga nan kofin ya zama kamar gadon gidan manya biyu, Ostareliya da Nuwel Zelandi. Ostareliya ta bar yankin a 2006, ta koma wasa da ƙasashen Asiya. Sai fage ya zama na Nuwel Zelandi. Ekip ɗin birnin Okland, mai suna Auckland City, ta ci kofin sau 7 a jere, daga 2011 har 2017. A 2018 kuma Team Wellington, ta babban birnin ƙasar, ta karɓa. Sau ɗaya tak kofin ya taɓa kuɓuce wa manyan nan, a 2010, lokacin da Hekari United ta Papuwa Sabuwar Gini ta ci.

Teku shi ne babban abokin gaba

Kafin ekip ta kara da kowa, sai ta kara da teku. Daga Nuwel Kaledoni zuwa Nuwel Zelandi kusan kilomita 1,800 ne. Zuwa Tahiti kuwa ya fi kilomita 4,000. Babu hanyar mota. Dole a biya kuɗɗin jirgin sama na mutum ashirin ko fiye, da masauki, da abinci. Galibin ƴan wasan yankin ba su dogara ga balo don cin abinci ba. Kowa yana da sana'arsa, da marece yake zuwa fili. In tafiya ta taso, sai ya nemi izini wurin aiki, ya bar iyali.

Saboda wannan wahala aka yi dabara. A 2019 ƙungiyoyi 18 suka shiga. Huɗu na ƙananan ƙasashe suka fara tankaɗe a tsakaninsu, biyu suka haye. Suka zama 16 ke nan. Aka raba su gida huɗu, kowane gida ekip huɗu. Maimakon kowa ya yi ta kai da komo bisa teku, sai kowane gida ya taru a ƙasa guda. A nan kowace ekip za ta buga wasa uku cikin kamar mako guda. Biyun da suka fi maki a kowane gida su ne ke wucewa. Daga nan babu ramuwa: wasa ɗaya ne, wanda aka ci ya koma gida.

Garin Yangen

Nuwel Kaledoni tana gabas da Ostareliya. Faransa ta kama ƙasar a 1853, kuma tutar Faransa ce a kanta. Faransanci ake yi a lakkwal da ofis. Amma a fagen balo tana cin gashin kanta, ta shiga hukumar duniya ta FIFA a 2004. Mutanen ƙasar kamar 270,000 ne a 2019. Ƴan asalin wurin sunansu Kanak. Babban tsibirin dogo ne siriri, tsawonsa kamar kilomita 400. Babban birni, Numeya, yana kudu. A can kuɗɗi suke, da ofisoshi, da babban filin wasa.

Yangen kuwa yana can arewa maso gabas, a bakin teku, tafiyar sa'o'i da dama a mota daga Numeya. A takarda ana rubuta sunan Hienghène. Mutanensa kamar 2,500 ne, suna zaune a ƙauyuka cikin kwaruruwa da gindin duwatsu. Suna noman doya da gwaza da ayaba, suna kamun kifi. Doya a wurinsu abin girmamawa ce. Da ita ake gaisuwar biki da ta mutuwa, kuma ana shagali in sabuwa ta fito. A cikin ruwa gaban garin akwai wani baƙin dutse mai kama da kaza tana kwanci, baƙi suna zuwa kallonsa.

Da can, in an ambaci Yangen, baƙin ciki ake tunawa. Nan ne mahaifar Jean-Marie Tjibaou, shugaban Kanak masu neman mulkin kai, wanda ya yi magajin garin. A watan Disamba na 1984 aka yi wa mutanen ƙauyensu kwanton ɓauna, aka kashe goma, biyu daga ciki ƴan uwansa ne na jini. Duk da haka ya sa hannu a takardar sulhu a 1988. Shi ma aka harbe shi a watan Mayu na 1989. To, ku riƙe wannan a zuciya, don ku gane abin da kofin nan ya zama ga mutanen garin.

An kafa ƙungiyar Hienghène Sport a 1997. Ta yi shekara 16 kafin ta ci babban kofin ƙasa a 2013. Ta sake cinsa a 2015. A 2017 ta zama zakaran ƙasa gaba ɗaya, karo na farko. Mai horar da ita a 2019 baƙo ne, Félix Tagawa, mutumin Tahiti, wanda ya taɓa buga wa ƙasarsa. Madugun ƴan wasa kuwa shi ne Bertrand Kaï, mai shekara 35. A wannan shekaru da yawa sun riga sun rataye takalmi.

Yadda gasar ta gudana

An buga wasannin gida-gida a watannin Fabrairu da Maris. Yangen ta faɗa gida ɗaya da Toti City ta Papuwa, da Tefana ta Tahiti, da Malampa Revivors ta Banuwatu. Ta ci wasa biyu, ta yi kunnen doki a ɗaya, ta fito ta farko.

A watan Afrilu aka shiga zagayen ƴan takwas. Yangen ta haɗu da Ba, tsohuwar ekip mai suna a ƙasar Fiji. Minti 90 suka ƙare ba wanda ya kayar da wani. Sai da aka ƙara minti 30 sannan Yangen ta ci 2 da 1.

Saura huɗu: Auckland City, da Team Wellington, da Yangen, da AS Magenta ta birnin Numeya. Biyu na Nuwel Zelandi, biyu na Nuwel Kaledoni. Duk wanda ya san tarihin gasar zai ce manyan biyu ne za su haɗu a ƙarshe, gama su suka yi wasan ƙarshe a 2015 da 2016 da 2017. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙarshen Afrilu, a Numeya, Yangen ta ci Team Wellington mai riƙe da kofi 2 da nema. Magenta kuma ta ci Auckland City 2 da 1. Tun da aka fara gasar, wannan ne karo na farko da za a yi wasan ƙarshe babu ekip ɗin Ostareliya, babu ta Nuwel Zelandi.

Ranar 11 ga Mayu 2019 aka haɗu a filin Numa-Daly na Numeya. Wasa ya zama na birni da ƙauye. Magenta tsohuwar hannu ce. Ta ci kofunan ƙasa da yawa, ta kuma taɓa kai wa wasan ƙarshe na wannan gasa a 2005, inda Sydney FC ta Ostareliya ta ci ta 2 da nema. A garinta ake wasan. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. A minti na 66 ƙwallo ta faɗa ƙafar wani ɗan wasan Yangen, Amy Antoine Roine, yana wajen tsakiyar fili. Ya hango mai tsaron gidan Magenta ya fito nesa da ragarsa. Bai yi wata-wata ba, ya ɗaga ƙwallo sama tun daga can. Ta wuce bisa kan mai tsaron gida, ta faɗa raga. Wannan ci ɗaya shi ya raba gardama. Yangen 1, Magenta ba ko ɗaya. Bertrand Kaï ya karɓi kyautar gwanin gasa, Rocky Nyikeine na Yangen ya karɓi ta gwanin masu tsaron gida. Shekara 30 bayan rasuwar Tjibaou, cikin wata guda, aka ambaci Yangen a duniya da farin ciki.

To, sa'a ce?

Masu cewa sa'a ce suna da hujja biyu, kuma bai kamata mu ɓoye su ba. Ta farko, irin wannan bugu daga nesa ba kullum yake shiga ba. In an buga goma, da kyar ɗaya zai faɗa raga. Ta biyu ta fi ƙarfi. Wasanni shida Yangen ta buga, kuma duka a tsibirinta aka yi su. Ba ta ƙetare teku ba ko sau ɗaya. Abokan karawarta su suka sha gajiyar jirgi, su suka kwana a baƙon wuri. Wannan gata ne babba, gaskiya ce.

Amma mu duba ɗaya gefen. Sa'a tana ba mutum wasa ɗaya, ba ta ba shi shida. A dukan gasar ba wanda ya ci Yangen. A wasanni biyu na ƙarshe, da ekip biyu mafi ƙarfi da ta haɗu da su, ƙwallo ba ta shiga ragarta ba. Da bayanta bai riƙe ba, da bugun Roine bai wadatar ba. Tsaron gida kuwa aikin jama'a ne. Sai kowa ya tsaya inda aka sa shi, ya rufe wa ɗan uwansa ɓaraka, ya yi gudu ko ya gaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amsa ta biyu ta zo a watan Disamba na wannan shekara. A wancan lokaci zakaran kowace nahiya yakan je gasar ƙungiyoyi ta duniya, a 2019 kuma a ƙasar Katar aka yi ta. Yanzu Yangen ce baƙuwa, ita ta yi doguwar tafiya. Ranar 11 ga Disamba, a birnin Doha, ta kara da Al Sadd, zakaran Katar. Ƴan wasan Al Sadd balo ne sana'arsu, ana biyansu albashi mai tsoka. Da yawansu suna cikin ekip ɗin Katar da ta ci kofin Asiya a farkon shekarar. Mai horar da su shi ne Xavi, wanda ya ci kofin duniya da ƙasar Sifen a 2010. Baghdad Bounedjah ya fara jefa ƙwallo a ragar Yangen. Shi ne ɗan Aljeriyan nan da ya ci Senegal a wasan ƙarshe na kofin Afirka a watan Yuli na 2019. Da aka dawo daga hutu, sai Roine ya rama. Shi dai wannan Roine. Minti 90 suka cika ana 1 da 1. Sai cikin ƙarin lokaci, da ƙarfi ya ƙare, Al Sadd ta ƙara biyu, aka tashi 3 da 1. An ci Yangen, amma ta fita da mutuncinta. Ekip ɗin da sa'a kaɗai ta kawo ba za ta riƙe irin waɗannan gwanaye minti 90 a gidansu ba.

Abin da ya biyo baya

Kofin bai zauna a ƙananan tsibirai ba. Annobar korona ta tsayar da gasar 2020 a tsakiya, ta 2021 ba a yi ta ba sam. Da aka dawo, Auckland City ta sake karɓe kofin a 2022 da 2023 da 2024. Mai kuɗɗi da yawan jama'a da filaye masu kyau yana da rinjaye a yawancin shekaru, haka abin yake ko'ina. Ƙaramin gari ba zai ci kullum ba. Abin da zai iya shi ne ya zauna da shiri, don ranar da ƙofa ta buɗe ta same shi a tsaye.

Ku lissafa da kanku. Daga 1997 zuwa 2019 shekara 22 ke nan. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa ƙungiyar ya isa aure kafin babban kofin ya zo. A cikin waɗannan shekaru an sha ci, an sha kaye, ba a watse ba. Ƙungiyoyin ƙauye da yawa ba rashin gwanaye ke kashe su ba. Kaye biyu ko uku, sai gardama ta tashi, kowa ya kama gabansa, baɗi a sake sabon suna. Mutanen Yangen sun riƙe suna guda, sun yarda baƙo ya koya musu, sun girmama dattijon cikinsu. Manomi ya san wannan tun da daɗewa: wanda ya dasa itace ba ya tone shi kowace safiya don ya ga ko saiwa ta kama.

Nan za mu dasa aya.