Shekarun Uwa Da Dashen Ɗan Tayi: Mu Daina Ɓata Lokaci

Jama'a, akwai wata magana da muke yi da raɗa a gidajen suna da biki a nan Ingila, wato rashin haihuwa. Ma'aurata kan shekara bakwai ko goma suna ɓoyewa, yau rubutu, gobe saiwar da aka aiko daga gida, sai matar ta doshi arba'in sannan a tuna da asibiti. A ganinmu wannan jinkiri shi ne babbar asararmu.

Tun da aka haifi Louise Brown a garin Oldham a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta da maniyyi a wajen mahaifa, miliyoyin yara sun zo duniya ta wannan hanya ta IVF. Sai dai likita ba ya ƙirƙirar ƙwai. Da ƙwayayenta ake haihuwar mace, kimanin miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma kullum raguwa suke yi suna tsufa tare da ita.

Ɗan tayi lafiyayye na ɗauke da ƙwayoyin gado 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Idan ƙwai ya tsufa, wajen rabon nan ake samun kuskure, ɗaya ya ƙaru ko ya ragu. Irin wannan ɗan tayi kan daina girma kafin kwana na biyar, ko ya ƙi kama mahaifa, ko ya ƙare da ɓari. Bayan shekara 40, fiye da rabin 'yan tayin mace kan zo da wannan matsala. Alƙaluman hukumar HFEA mai kula da asibitocin haihuwa a Birtaniya sun nuna cewa a ƙasa da shekara 35, kusan dashe ɗaya cikin uku ke kaiwa ga haihuwa, amma a shekara 43 zuwa 44, kusan ɗaya ne cikin ashirin.

Wannan ya fi shafar mu Musulmi. Likita kan ba mace mai shekaru shawarar karɓar ƙwan wata yarinya, alhali malaman Sunna sun hana haka. Fatawar da aka fitar a Masar a 1980 ta halatta aikin ne tsakanin miji da matarsa kaɗai. Ke nan ƙwan matar shi ne jarinmu, kuma ba ya jira.

Ba muna ɗora wa mata laifi ba ne. Sau da yawa maigida ne ke ƙin zuwa gwaji, uwar miji kuma na zuga a ƙara aure, alhali matsalar kan fito daga namiji ma. Idan an shekara ana nema babu labari, ku je wurin likita ku biyu. Idan ta haura 35, wata shida ya isa.

Haihuwa ta Allah ce, babu musu, amma Shi ne ya ce a nemi magani, kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, amin.