Wai "Tela Kawai"? Mu Dubi Rigar Da Ke Jikinmu Tukuna

'Yan uwana ɗaliban Arewa, musamman mu da ke karatu a nan Abuja, akwai ɗabi'ar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita. Da zarar an ce wance ko wane ɗinki da tsara tufafi yake karantawa, sai ka ga an taɓe baki. "Au, tela?" "Duk wannan kuɗin makarantar a ƙare a kan keke?" A guruf ɗinmu na WhatsApp an mai da su abin barkwanci. Sallah na matsowa kuma sai murya ta yi laushi: "Don Allah 'yar uwa ki ɗan rage mini rigar nan, ba yawa." Kyauta fa ake nufi.

Mai dariyar nan ka ƙare masa kallo. Shadda yadi goma ce a jikinsa, ta sha bugu ta sha aiki. Ka tsaya bakin Jabi Lake Mall ranar Asabar da yamma, ko ka bi ta hedikwatar NOUN da ke nan Jabi, ko ƙofar Baze da Nile a hanyar filin jirgi ranar Juma'a, ka ga yadda muke fitowa. A ƙasar nan da wuya a samu masu cin yadi kamar mu. Anko, lefe, ɗinkin ƙaramar sallah, na babba, kayan suna, kayan walimar kammala karatu. Mu ne kan gaba wajen sawa, mu ne kuma kan gaba wajen raina mai koyon yi. Haba jama'a!

Tunda da yawanmu ba mu taɓa leƙa ajinsu ba, bari in ɗan gutsura muku abin da ke ciki.

Kafin ɗaliba ta taɓa yadi mai tsada, sai ta iya mayar da jikin mutum lissafi. Ta auna kafaɗa, ƙirji, ƙugu, zagayen hammata, tsawon hannu, sannan ta zauna da faffaɗar takarda da rula ta zana yadda za a yanka. Jiki mai tudu da kwari ne, yadi kuwa shimfiɗaɗɗe ne, to ta yaya shimfiɗaɗɗen abu zai zauna a kafaɗa bai tattare ba? Nan ilimin yake. Sai ta ƙara sararin da mai rigar zai numfasa ya ɗaga hannu, ta ƙara abin da ɗinki zai ci a kowane gefe. Sai ta ɗinka gwaji da akoko, ta ɗora a jikin mutum-mutumi, ta gyara, ta koma takarda. Bayan haka a ce ta faɗaɗa zanen nan ɗaya ya fitar da ƙarami da matsakaici da babba ba tare da siffar ta lalace ba, don da wannan ne kamfani ke ɗinka riga dubu iri ɗaya. Akwai sanin zaren tsaye da na kwance a saƙa: ka yanka yadi a karkace sai ya riƙa miƙewa, wani lokaci haka ake so don rigar ta zuba, wani lokaci kuma shi ne zai sa wando ya murɗe bayan wanki ɗaya. Akwai gane yadi da wuta. A ƙona ɗan ƙyalle: auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi, siliki da ulu warin gashi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wanda ya san wannan ba a sayar masa da roba da sunan auduga a kasuwar Wuse. Ga zane, ga haɗa launi, ga rini, ga tarihin tufafi, ga lissafin farashi: yadi nawa, zare, shafi, zif, maɓalli, man janareto, awa nawa aka zauna.

Kai jingarka takarda ce da biro, in ta ɓaci ka yage ka sake. Ita jingarta yadi ce, almakashi ya kauce da inci ɗaya kuɗin abincin mako ya tafi. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mu nawa ne muke kwaso jinga daga intanet, mu nawa ne ke biyan wani ya rubuta mana aikin kammalawa? Ita babu wannan hanyar. Malami juya rigar yake ciki ya koma waje, ya bi ɗinkin da yatsa. In kalmasa ta karkace kowa a ajin yana gani.

Kuma ba sabon fanni ba ne a makarantunmu. ABU Zariya tana da sashen tsara kayan masana'antu, cikinsa akwai ɓangaren yadi da zanensa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna tana koyar da tsara tufafi. Mutane sun yi digiri sun yi difloma a kai tun kafin a haifi wasunmu.

To mu zo maganar kuɗi, tunda ita muka fi ji. Shaddar da muke alfahari da ita muna cewa "Gezna ce", kamfanin Getzner ke saƙa ta a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Leshi mai tsada da ake zubawa a lefe, yawancin sunan da ya yi daga garin Lustenau ne, shi ma a Ostiriya. Atamfar Holan ta Vlisco ce, kamfanin da ke Helmond tun 1846. Masu sauƙin kuɗin da suka cika Kantin Kwari kuwa mafi yawa daga Sin suke zuwa. Wato Bature a cikin dusar ƙanƙara ya zauna ya karanci abin da Bahaushe ke so a jikinsa, ƙyallin da yake so, taurin da yake so, ya ɗauki masu zane yana biyan su albashi. Mu kuma namu masu zanen muna ce musu tela kawai.

Abin ya fi ciwo in ka san da ba haka muke ba. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike, ya shigo Kano a 1851, abin da ya tarar shi ne ƙashin bayan cinikin birnin tufafin auduga ne da ake saƙawa a rina a nan gida, ana kai su har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi Buzaye ke naɗawa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau tana nan, ana jiƙa baba da toka da kanwa a bar shi ya ruɓa, a tsoma yadi ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Kimiyya ce tsagwaronta, sai dai masu ita ba su sa farar riga ta ɗakin gwaji. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a Kakuri, wasu suka biyo baya, audugar Funtuwa da Gusau tana da inda za ta. A 2002 aka rufe ta. Duk wanda ya tashi a Kakuri ya san gidajen da rufewar nan ta ɗaiɗaita.

Ban ce dariyarmu ce ta rufe masaƙu ba. Rashin wuta ne, da fasa-ƙwauri, da kaya masu araha daga waje. Amma duk ranar da aka tashi farfaɗo da harkar nan, su wa za a nema? Mai sanin zare ne da mai zane da mai yanka. In mun kore su daga fannin tun suna aji ɗaya, sai a ɗauko daga wani wuri, mu kuma mu koma Facebook muna kukan an mayar da Arewa saniyar ware.

Wani abin dariyar ma, tun 2012 hukumar NYSC ta shigo da shirin koyon sana'a a sansani. Je ka sansanin Kubwa ka ga masu digiri a kan layin ajin ɗinki, suna son su koya cikin 'yan kwanaki abin da wata ta shekara tana gumi a kai. Kuma yarinyar nan da ake wa dariya, ranar da ta buɗe shago a Wuse 2 ta liƙa sunan Turanci a allo, mu ne za mu yi layi muna roƙon ta karɓi ɗinkin bikinmu. Ashe dama ba keken ake rainawa ba, mai keken da ba ta yi kuɗi ba tukuna ake rainawa. Shi ya sa ɗan uwanmu da ke zagaya unguwannin Jabi da Utako da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi ko sallamarsa ba ma amsawa da kyau.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Ai harkar tsiraici ce." Wannan ƙorafi ne da ya cancanci amsa. Gaskiya ne a bukukuwan nunin tufafi ana fito da abin da bai dace da tarbiyyarmu ba. Ko a Nijar, bikin FIMA da Alphadi ya fara a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, da aka kawo shi Yamai a 2000 sai da aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi. To amma in mun janye 'ya'yanmu daga fannin, wa zai tsara mana suturar mutunci? A 2016 kamfanin Dolce & Gabbana na Italiya ya fitar da abaya da mayafi. A 2017 Nike ta fitar da hijabin wasanni. Ba don Allah suka yi ba, kasuwa suka hango. Hijabin da ɗalibar koyon aikin jinya za ta sa bai shiga mata aiki ba, abayar da za ta iya da zafin Abuja na watan Maris, wa ya fi cancanta ya zana su in ba wadda take sawa ba? Tun muna yara ma muke jin malamai na cewa Annabi Idrisu (AS) ne farkon wanda ya yi ɗinki. Ku yi tunani kafin ku taɓe baki.

Ku ma masu karatun ba zan bar ku ba. In aikin kammalawarku kwafo rigar amaryar Legas ne daga Instagram a canza mata launi, kun ba masu dariya makami. Zariya ba nisa, mota na tashi daga tashar Jabi. Ku je cikin birni ku zauna da masu aikin hannu, ku ga yadda ake fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, ku auna, ku tambayi wata nawa take ci, ku rubuta. Ku je Kano ku ga mabuga. Babbar riga kanta darasi ce, don an gina ta ne da ƙyallaye miƙaƙƙu na saƙi, kusan babu abin da ake zubarwa. Yau makarantun Turai suna ta neman yankan da ba ya barin shara, mu kuwa kakanninmu da shi suka tashi.

Sai batun aikin sa kai, inda ƙungiyoyinmu na ɗalibai suka fi ba ni haushi. A Abujar nan akwai 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro, da yawansu mutanen Gwoza, suna zaune a Durumi da Kuchingoro da Wassa tun wajen 2014. Yadda aka saba yi shi ne: a tara kuɗi, a sayi keke uku, a buga ƙyallen sanarwa da hoton shugaban ƙungiya ya fi keken girma, a je a yi kwana uku "ana koyar da ɗinki", a ɗauki hoton matan mutane ba a ko tambaye su ba, a watsa. Bayan wata guda bel ya tsinke, allura ta karye, zare na cukurkuɗewa ta ƙasa, babu wadda aka nuna wa yadda za ta gyara. Keken ya koma teburin ajiye kwanuka, ko a sayar a ci abinci, kuma wallahi ban ga laifin mai sayarwa ba.

Ku tambayi ɗalibar ɗinki tun kafin ku kashe ko sisi, za ta gaya muku abin da ba ku sani ba. Za ta ce ku sayi keken ƙafa, don mai amfani da lantarki ado ne kawai a inda babu wuta. Za ta ce a zaɓi abu ɗaya tak da ake saye kullum, kayan makarantar yara ko hijabi, a yanka samfurinsa a kwali girma-girma a bar musu, a yi ta maimaitawa har hannu ya faɗa. Za ta koya musu ƙunzugun mata mai wankuwa: auduga mai laushi a sama, tawul a tsakiya, mai hana yoyo a ƙasa, da maɓalli. Kar wani ya ce abin kunya ne, yarinyar da ke fashin makaranta duk wata saboda babu kuɗin na kanti ita ta san darajarsa. Za ta ware yini guda don zuba wa keke mai, sauya allura da daidaita ƙarfin zare. Za ta zaunar da su lissafi, don mace ta san in ta sayar da hijabi ƙasa da kaza aikin banza ta yi. Kuma za ta ce a riƙa komawa duk Asabar har zango ya ƙare, ba kwana uku ba. A 2020, da korona ta zo aka rasa takunkumi, ai teloli ne suka rufa wa ƙasar nan asiri da ƙyallen atamfa. Mun manta ne?

Amma me muke yi da su a ƙungiya? Ba a sa su a kwamitin tsara aikin. Sai an gama yanke komai a kira su su zo su "taimaka", da kuɗin motarsu, da zarensu, da ragowar yadin jingarsu, sunansu ko a ƙasan sanarwa babu.

Makon al'adu na tafe, kowace ƙungiyar jiha za ta fitar da anko. Shugabanni, ga shi nan a fili: ku ba ɗaliban ɗinkin da ke cikinku aikin, su zana, su fitar da farashi a rubuce. Ku biya rabi kafin a sa almakashi, rabi ranar karɓa, kamar yadda kuke yi wa telan kasuwar Utako ba tare da kun ce masa "don zumunci" ba.