GYARA KAYANKA: Hoto Ya Fito, Baba Bai Ji Ba

A watan jiya mun yi magana a kan yadda za a adana hatsi kada ƙwari su shiga. Wannan wata za mu bar rumbu mu shiga falo, gama Kirsimeti ya ƙarato, 'ya'yan da suke birni za su komo gida da tsaraba, a gidaje da yawa kuwa tsarabar nan takan zama akwati mai wayoyi.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Akwai wani dattijo a ikkilisiyarmu, tsohon mai bishara, ya ba shekara 80 baya. Bara 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka sayo masa talabijin irin na yanzu, mai faɗi marar kauri, tare da ɗan ƙaramin akwati wanda ake sa wa filashi a kalli fim ko wa'azi. Jikoki suka yi ta murna. Amma kafin mako biyu Baba ya daina zama a falo. Da an kunna, sai ya ja kujerarsa ya koma gindin mangwaro. Iyali suka zaci ƙin abin yake yi, wai yana ganinsa kayan duniya ne. Jikarsa da take ajinmu ita ce ta faɗa mana. Da muka je gaishe shi muka tambaya, sai ya ce, "Malam, ba ƙi nake yi ba. Ina ganin bakinsu yana motsi, amma ban san abin da suke faɗi ba. In na ce a ƙara murya, kiɗa ne yake ƙaruwa. Na gaji da tambayar yara, me ya ce, me ya ce."

Gaskiya Baba ya faɗa. Sa'ad da mutum ya tsufa, siririn sauti ne yakan fara ɓace masa, watau irin na "s" da "f" da "t", alhali su ne suke raba wata kalma da wata. Talabijin na yanzu kuma, saboda rashin kauri, ba shi da wurin sa lasifika ta kirki. 'Yan ƙanana ake liƙa masa, galibi suna fuskantar ƙasa ko bango. Tsohon kunne ya gamu da ƙaramar lasifika, ina za a ji? Littafin Firistoci sura 19 ya ambaci kurma, ya ambaci mai furfura, cikin waɗanda aka umarce mu mu kula da su. Mukan karanta wurin mu wuce, ba mu taɓa tunani ya shafi falonmu ba.

Ashe maganin yana cikin gidan. A ɗakin ajiya akwai tsohuwar amfilifaya mai rediyo a jikinta, irin wadda masu kanti suke ce wa risiba, da manyan lasifikoki biyu na katako waɗanda Baba ya yi shekaru yana jin kaset da su. Ba abin da ya same su sai ƙura. Muna tsammani akwai irinsu a gidajen masu karatu da dama, don haka bari mu bi hanyar da muka bi.

Da fari a kashe kome, a zare daga bango. A ɗauki tocila a leƙa bayan kowace na'ura, a nemi inda aka rubuta ƙarfin wutar da take sha. Wutar ƙasarmu volt 230 ce. In an rubuta 100-240V, ba damuwa. In kuwa 120V kaɗai aka rubuta, kayan Amurka ne, kada a sa shi a bango sai ta cikin taransifoma mai rage wuta. Ba labari muka ji ba. Wani ɗan'uwa ya taɓa aiko mana da na'urar faifai daga can, muka yi ɗoki, muka cusa. Ƙara ɗaya muka ji, sai ƙauri. Uwargida ba ta ce kome ba a ranar, amma har yau takan tuna mana.

Bayan wannan sai ka'ida guda, wadda in an riƙe ta an gama rabin aikin. Hoto da murya kamar ruwa suke, daga tanki suke fita su shiga randa. Kowace kafa a bayan na'ura, ko mafita ce ko mashiga. Mafita an rubuta mata OUT, mashiga kuma IN. Kowace waya, kai ɗaya a mafita, ɗaya a mashiga. Wanda ya haɗa mashiga da mashiga ya haɗa randa biyu ne da babu ruwa a cikinsu, yana jira su cika. A yawancin gidajen da aka kira mu wai na'ura ta lalace, abin da muka tarar ke nan.

In na'urarku ta faifai ce ko dikoda mai kafofi uku masu launi, aikinku da sauƙi. Mai ruwan ɗorawa hoto take ɗauka, fara muryar hagu, ja muryar dama. Ba dole ba ne duka ukun su tafi wuri ɗaya. A tsaga wayar a hankali, a kai mai ruwan ɗorawa ga talabijin, fara da ja kuma ga amfilifaya, a kafar da aka rubuta AUX ko CD. Kada a sa a PHONO. Wannan ta garmaho ce, an yi ta domin 'yar siririyar muryar allura, tana ninka ta sau da yawa. In aka ba ta muryar dikoda sai ta yi ta gurnani, har tana iya illata lasifika. Waɗansu na'urori kuma suna da kafofi kore da shuɗi da ja a jere. Wannan jan na hoto ne, ba na murya ba, ya ruɗi mutane da yawa.

A gidan Baba abin bai zo da sauƙi haka ba, gama ɗan akwatin nasa kafa ɗaya gare shi, mai faɗi, an rubuta HDMI. Wannan waya ta shigo kasuwa a 2003, tana ɗauke da hoto da murya tare, amma a lissafe take ɗauke su, irin na kwamfuta. Amfilifayar Baba kuwa ta girme ta nesa, ba ta san wannan harshe ba. Saboda haka hanya ta zama biyu: daga akwati zuwa talabijin da HDMI, sa'an nan daga talabijin a fitar da murya zuwa amfilifaya.

Nan ne ake bukatar tocila da haƙuri. Muka ga kafofi fara da ja a bayan talabijin muka yi murna, da muka duba da kyau sai ga IN a gefensu. Mashiga ce, ba abin da zai fito ta nan. In talabijin ɗinku yana da fara da ja masu AUDIO OUT, kun huta. In yana da 'yar kafa zagayayya mai hoton abin sawa a kunne, ita ma ta isa: akwai waya mai siririn kai ɗaya a wannan gefe, fari da ja a wancan, ba ta da tsada. Na Baba ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi wata kafa ce mai kusurwa huɗu, an rubuta OPTICAL, in aka kunna talabijin sai a ga jan haske a ciki. Kamfanin Toshiba ne ya ƙago ta a 1983, murya kuwa ta cikin haske take bi. Muka aika kasuwa aka sayo wayarta da ɗan akwatin fassara kamar gidan ashana biyu, wanda yake karɓar hasken ya mai da shi fari da ja. Shi ma yana shan wuta, aka ba shi daga kafar USB ta talabijin. A kan wayar hasken akwai ɗan murfin roba a kowane kai, a cire shi tukuna, kada kuma a lanƙwasa ta da ƙarfi.

Muka haɗa kome daidai, muka kunna, sai "shhh" kamar ana zuba ruwa a tukunya mai zafi. Muka zare muka mayar. Muka zargi wayar, muka zargi mai kanti, a zuci har muka fara zargin amfilifayar. Kusan awa guda muna wannan, Baba yana zaune yana kallonmu, bai ce uffan ba. Sai wani jikansa ɗan aji biyu na sakandare ya ce, "Malam, in gwada?" Ya ɗauki rimot ya shiga wurin gyaran sauti na talabijin, ya sami inda ake zaɓen irin muryar da za ta fita ta kafar haske, ya ɗauke ta daga Dolby Digital ya mai da ita PCM. Nan take murya ta fito tas. Dalili shi ne, irin waɗannan ƙananan akwatunan fassara, masu araha, PCM kaɗai suka iya karantawa. Ku rubuta haruffan nan uku ku ajiye. Mu malamai ne, amma ran nan ɗalibi ya koya mana, ba mu kuwa ji kunya ƙwarai ba.

A lura, in ta kafar haske aka fitar da murya, galibi rimot ɗin talabijin ba zai ƙara ta ko ya rage ta ba, sai a murɗa a jikin amfilifaya. A kuma kashe muryar talabijin ɗin kansa, in ba haka ba za a ji magana biyu, ɗaya tana bin ɗaya kamar amsa-kuwa a cikin majami'ar da ba kowa.

Wanda Allah ya hore wa sabuwar risiba mai kafofin HDMI, nasa gajere ne. Akwati da dikoda su shiga risiba, waya ɗaya ta fita daga HDMI OUT zuwa talabijin. A nemi kafar da aka rubuta ARC a jikin talabijin a sa a nan, gama tun 2009 aka yi wannan dabara domin muryar talabijin ta komo risiba ta cikin waya ɗayan nan. Sai dai ba ta aiki sai an kunna wani abu a cikin talabijin, kowane kamfani kuwa da sunan da ya raɗa masa: Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. In akwai lasifika ta tsakiya, ita take ɗauke da maganar mutane, ana iya ƙara ta ita kaɗai a bar kiɗa inda yake. Ga gida mai tsoho, wannan ya fi kome amfani. Kada kuma mai kanti ya ruɗe ku da wayar HDMI mai kan zinariya. A tsawon mita ɗaya ko biyu, mai araha lafiyayya hoto ɗaya take bayarwa da mai tsada.

Wayar lasifika ita ce ake raina wa, ita ce kuwa takan kashe amfilifaya. Ja ga ja, baƙi ga baƙi, a dukan lasifikokin. In aka juya ɗaya ba za ta ƙone ba, amma murya za ta yi fayau, ba nauyi, ba a kuma san daga ina take fitowa ba. Abin tsoro shi ne silin tagulla ɗaya ya kuɓuce ya taɓa maƙwabcinsa. A murɗe bakin wayar sosai kafin a sa, a haska a duba. A duba kuma adadin ohm da aka rubuta a bayan lasifika, kada ya gaza wanda aka rubuta a bayan amfilifaya. In ta ce 8, kada a ɗora mata 4, za ta yi ta zafi. Lasifikokin kuma a sa su dama da hagun talabijin, daidai kunnen mai zama, suna duban kujeru, ba a can saman kabad kusa da rufi ba.

Iyayenmu mata, muna roƙo. Mun san ƙurar hunturu, mun san kuma kyan ƙyallen da aka saƙa da hannu. Amma ramukan da suke kan amfilifaya hancinta ne. A rufe ta in tana kashe, a buɗe in za a kunna. Ita ake kunnawa daga ƙarshe, ita ake fara kashewa, da muryarta a ƙasa. In an ɗauke wuta a kashe soket, domin dawowarta ita ce mai ɓarna, haka kuma in za a juya zuwa janareta. In hadari ya taso da walƙiya a zare har da wayar eriya.

Ran Asabar da yamma muka koma gidan. Aka sa fim ɗin Yesu, wanda aka yi a 1979 bisa ga Bisharar Luka, da fassararsa ta Hausa. Baba ya shigo da kansa, ya zauna a tsakiya. Da aka kai misalin mai shuka sai muka ga leɓunansa suna motsi, yana riga mai maganar. Can ya ɗaga hannu ya ce a tsayar, ya juya ga jikoki ya tambaye su iri nawa aka ambata, ina da ina suka faɗi. Fim na awa biyu, sai da aka yi kusan uku.

Yanzu wata ƙara ce ta iso mana, daga wurin Mama. Ta ce tun da Baba ya gane maɓallin murya, har maƙwabta sun haddace fim ɗin, ga shi kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsu da wani gida inda ake salla a tsakar gida. Muka koma da farin filasta, muka liƙa alama biyu a jikin maɓallin, ɗaya ta rana, ɗaya ta magariba zuwa dare. Baba ya yarda da ta dare. Ta ranar ce har yanzu ake ciniki a kanta.

Wanda nasa ya ƙi haɗuwa ya rubuto mana ta hannun Edita. A kwafo dukan abin da aka rubuta a bayan kowace na'ura, kafa bi da kafa, da IN da OUT ɗinsu, gama "Malam, ya ƙi yi" kaɗai ba ta ishe mu ba da amsa ba. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba kuɗin makaranta na zango na biyu.