Tallan da ake cewa da yardar mai waya ake nunawa

A unguwar Gabukka da ke Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, mutum kan sayi waya ya miƙa wa yaron shago ya saita masa. Yaron zai bi shafukan da suka fito da Turanci yana danna maɓallin amincewa har ya gama. Daga ranar, manhajar shiga intanet da ke wayar za ta riƙa turo tallan caca da na bashin gaggawa, a rumbun kamfani kuma an rubuta cewa mai wayar ya yarda.

Wannan ne raunin tsarin da kamfanoni ke kira talla bisa zaɓi. A 2019 manhajar Brave ta fara nuna talla ga wanda ya kunna da kansa kawai, tana ba shi kashi 70 cikin 100 na kuɗin tallan, tana kuma zaɓen tallan a cikin na'urarsa ba tare da tura tarihin shafukan da ya ziyarta waje ba. Tsarin ya fi bin diddigin mutum a ɓoye mutunci. Sai dai a 2020 an gano manhajar tana maƙala lambar samun kamasho a adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, har shugaban kamfanin, Brendan Eich, ya nemi afuwa. A Yulin 2024 Mozilla ta saka tsarin auna tasirin talla a Firefox a kunne, ba tare da tambayar kowa ba. A watan ne kuma Google ya janye alkawarin kawar da kukis ɗin wasu kamfanoni, wato 'yan bayanan da ke bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi, daga Chrome. Darasin shi ne alkawarin kamfani yana sauyawa idan lissafin riba ya sauya.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin 'yan ƙasa. A 2019 hukumar NITDA, lokacin shugabancin Isa Ali Pantami, ɗan Gombe, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce shiru ba amincewa ba ne, kuma dole janye yarda ya zama da sauƙi kamar bayar da ita. An ga haƙoran hukumomi a 2024, lokacin da FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220, NDPC kuma ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8.

Duk da haka, tara ba ta warware matsalar mutumin Gabukka. Amincewar da aka nema da harshen da ba ya karantawa, wani kuma ya danna a madadinsa, suna ce kawai. Shi ne zai sayi datar da tallan ya cinye, shi ne kuma zai ji kunya idan hoton da bai dace ba ya faɗo a gaban iyalinsa.

Lamarin ya shafi ma'aikatan tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai kai tsaye. Da yawansu da waya ɗaya suke karanta takardun ofis, su duba albashi, su nemi asibiti ko jirgin da mai gidansu zai shiga. Tarin irin wannan sawu yana bayyana rashin lafiyar mutum da bashinsa da tafiye-tafiyensa, kuma bayanin da ya fita ba ya dawowa.

Wannan jarida na ganin wajibi ne NDPC ta tilasta wa kamfanonin da ke sayar da wayoyi ɗauke da manhajojin shiga intanet su bar talla a kashe tun daga kwali, su nemi izini da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasar, su kuma sanya maɓallin ƙi daidai da na amincewa. Hukumar NCC ta nuna hanya a 2016 da lambar 2442 ta toshe saƙonnin talla. Ya kamata a samar da mafita mai sauƙi irin wannan a intanet. Ma'aikatu su ma su hana buɗe takardun gwamnati a manhajar da ke biyan mai amfani da ita don kallon talla.

Talla ce ke ɗaukar nauyin yawancin abin da ake karantawa kyauta, har da jaridu, don haka ba a neman a soke ta. Abin da ake nema shi ne mai waya ya san abin da ya yarda da shi, ya kuma iya cewa a'a ba tare da ya koma wurin yaron shago ba.