Matan Fada: A Ba Sarakunan Ruwa Ƙarfin Doka

Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bikin kamun kifi na Matan Fada yake jawo hankalin duniya, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016. Sai dai 'yan kallo kan manta da sirrin giwan ruwan da ake ɗorawa a kan sikeli: wannan yanki na gulbi a hane yake duk shekara, babu mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Babu ɗan sanda, babu shinge. Jama'a ne suka yarda da dokar, don sun san amfaninta gare su zai dawo.

Amma kifi bai san iyakar Matan Fada ba. Ruwan da ke gangarowa zuwa fadamun Birnin Kebbi da Gwadangaji yana bin madatsun Bakolori da Goronyo, kuma sakinsa ba a hannun masunta yake ba. Noman shinkafa na rani, wanda ya bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a 2015, alheri ne, amma ya zo da injunan ban ruwa da magungunan feshi da ke tsiyaya cikin tafkunan da tarwaɗa da ƙarfasa ke hayayyafa. Ga kuma masu taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Idan aka ci iri, me za a shuka baɗi?

A ganinmu, lokaci ya yi da Majalisar Dokokin Jihar Kebbi za ta ba sarakunan ruwa ƙarfin doka, a bar kowane gari ya keɓe tafkinsa, ya tsayar da lokacin hani da irin komar da za a jefa. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kuwa ta riƙa zama da masunta da manoma kafin ta tsara sakin ruwa.

Bikin ya tsaya bayan 2009, ya dawo a 2020. Biki na iya dawowa da umarnin gwamnati, amma kifin da ya ƙare a gulbi babu umarnin da zai dawo da shi. Tun ran gini ran zane.