Kibiya na jan ƙafa, mai gyara ya ce sai fomatin

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a Dutsin-Ma ya san amsar da ke jiransa tun kafin ya rufe baki. Ta yi nauyi? Fomatin. Ta ƙi kama intanet? Fomatin. Sauti ya ɗauke? Fomatin. Wato a share duk abin da ke cikinta, a zuba sabon Windows, ka biya, ka kama gabanka. Masu gyaranmu sun mai da shi tamkar farasitamol a hannun yaron kemis: ko kai ke ciwo ko ciki, shi za a miƙo maka. A wannan makon zan ɗauki matsala guda ɗaya, 'yar ƙarama, don mai karatu ya ga yadda wannan ɗabi'a ke cin kuɗin mutane da takardunsu ba gaira ba dalili. Matsalar ita ce ka jona laftof da babban allo, ka motsa maus, sai kibiyar nan ta riƙa jan ƙafa, hannunka ya isa ita tana hanya.

Ba abin mamaki ba ne a ce matsalar ta yi yawa a garin nan. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, shagunan buga takardu da hoton takarda da rajistar intanet suka cika gari. Akasarin kwamfutocin da ke cikinsu na hannu ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama cin moriyarsu, aka biyo da su ta Legas ko Kano. Injina ne masu ƙwari, ba a raina su. Sai dai allonsu ƙarami ne, wani ma ya tsage, kuma kuɗin sabon allo kan sa mutum ya yi shiru. Mafita ita ce a samo wani allo a jona. In an dace a samu allon kwamfuta na ainihi, in ba a dace ba a ciro talabijin daga falo. Daga nan labarin yake farawa.

Kafin a taɓa komai, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, minti biyu ya ishe shi. Ka ajiye maus ɗin, ka yi amfani da ɗan faifan taɓawa na jikin laftof. Idan kibiya ta tafi sumul a babban allon, to laifin na maus ne ko abin da ya haɗa shi da kwamfuta. Idan da maus da faifan duk jan ƙafa suke a babban allo, amma a ƙaramin allon laftof lafiya lau, to matsalar tana tsakanin ramin da ka soka waya da allon da ke gabanka. Idan kuwa ko'ina nauyin yake, har ka cire wayar bai daina ba, a nan ne za a fara tuhumar cikin kwamfutar. Hanya uku ke nan, kuma ta ukun ce kaɗai ke da wata alaƙa da fomatin, ita ma ba kullum ba.

Ta biyun ce ta fi yawa, don haka a kanta zan daɗe. Talabijin ba don aikin ofis aka ƙera shi ba. An yi shi ne don fim da ƙwallo, kuma kafin ya nuna maka hoto sai ya tsaya ya yi masa kwalliya: ya gyara launi, ya rage dishi-dishi, ya ƙirƙiro wasu hotuna ya cusa a tsakani don gudun ɗan wasa ya fito santsi. LG na kiran wannan TruMotion, Samsung kuma Auto Motion Plus. Duk wannan aiki lokaci yake ci, a wasu talabijin har ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai kallon fim ba zai taɓa sani ba, tunda ba shi ke juya abin da ke kan allo ba. Amma mai riƙe da maus hannunsa ne ya ba da umarni, idonsa na jiran sakamako, ɗan jinkirin nan kuwa sai ya ji shi har cikin kafaɗa.

Na ga wannan da idona a wani shago da ke kusa da inda ɗalibai ke yawan buga kundin kammala karatu. Mai shagon ya jona laftof da talabijin mai inci 43, yana gyara wa wata ɗaliba jadawali, ita tana tsaye a kansa da fayil a ƙirji. Zai kama gefen layi ya ja, kibiya ta wuce, ya dawo, ta sake wucewa, har gumi ya fara tsatso masa. Ya ce mini, "Malam, wallahi tun shekaranjiya take haka. Injiniya ya ce bairos ne, gobe zan kai a yi mata fomatin." Wani yaro daga gidan gem na maƙwabta, wanda ya shigo neman canji, ya leƙa ya ce, "Yaya, ai ba kwamfutar ba ce. Ba ni rimot." Ya shiga wajen saitin hoto, ya zaɓi Game Mode, ya ajiye rimot, ya karɓi canjinsa ya fita. Kibiya ta miƙe. Yaran da muke yi wa faɗa kan buga ƙwallon PlayStation sun daɗe da sanin wannan, domin su jinkirin ƙiftawar ido ƙwallo ce a raga. Abin da Game Mode ke yi kawai shi ne ya hana talabijin yin kwalliyar nan, ya nuna hoto yadda ya zo.

Sai maganar sau nawa allo ke sabunta hotonsa a daƙiƙa guda, abin da ake rubutawa da Hz. Allon laftof na yau da kullum sau 60 yake yi. Idan ya sauko zuwa 30, kibiya ba ta tafiya, tsalle-tsalle take yi, kuma ido na ganewa nan take ko da mutum bai san sunan abin ba. Me ke saukar da shi? Sabbin talabijin da ake sayarwa yanzu da yawansu 4K ne, wato ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan 8. Tsohuwar laftof mai allon 1366 da 768 ɗigonta bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ka ga an ɗora mata kusan ninki takwas. Ramin HDMI da ke jikin yawancin waɗannan tsofaffin injina samfurin 1.4 ne, shi kuwa iyakar ƙarfinsa a 4K shi ne 30Hz. Sai HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013, yake iya kai 4K a 60Hz. Da ka jona, Windows zai ga allon 4K, ya zaɓi mafi girman hoto, ya sauke gudun zuwa 30 ba tare da ya yi shawara da kai ba.

Gyaran ba wuya. Ka danna dama a fili a kan allo, ka shiga saitin nuni, ka zaɓi babban allon, ka rage girman hoton zuwa 1920 da 1080, sannan ka duba a tabbata gudun yana kan 60. Rubutu ma zai fi karantuwa, don a 4K haruffa kan zama ƙanana ƙwarai. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa waya mai tsada, mai bakin ruwan zinare, za ta warware matsalar. In ramin jikin laftof 1.4 ne, ko wayar nawa ce ba za ta ƙara masa ƙarfi ba. Inda ake iya samun laifi shi ne 'yan mahaɗan nan masu arha, wanda ake soka shi a rami ɗaya ya fitar da biyar, ko mai juya wannan baki zuwa wancan. Da yawansu a 30 suke tsayawa in hoton 4K ne. In da hali, waya ta tashi daga laftof ta faɗa allo kai-tsaye. Masu EliteBook 840 na farko-farko su duba gefe, akwai ramin DisplayPort da na VGA, kuma tsohon allon ofis mai wayar VGA mai shuɗin kai, duk da rashin kyan ganinsa, ya fi talabijin na falo biyayya ga hannu. Wani abu kuma: a danna maɓallin Windows tare da P. Idan an bar allo biyu suna nuna abu ɗaya alhali girmansu da gudunsu ba ɗaya ba ne, a gwada zaɓin babban allo shi kaɗai.

Idan gwajin farko ya nuna maus ne, a fara da batir, don sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. Sai teburi: maus mai jan haske ba ya jituwa da gilashi ko leda mai sheƙi. Sai ɗan tsinken nan na maus mara waya da ake sokawa a USB. Tun 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa ramukan USB 3.0, masu shuɗin harshe, da na'urorin da aka jona musu suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4GHz, wanda shi ne zangon da maus mara waya ke magana a kai. Mai shago zai soka rumbun ajiya na waje a rami ɗaya, tsinken maus a na kusa da shi, sannan ya tura laftof can bayan talabijin don ya samu fili a teburi. A mayar da tsinken ɗaya gefen. Ni dai a shagon kasuwanci maus mai waya nake ba da shawara, ba batir, ba rigima.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, wato wuta da zafi. Laftof in ta koma kan batir takan rage wa kanta gudu don caji ya daɗe, mu kuwa rabin yininmu a kan batir muke, ko kan janareta da sola. Caja ma tana da nata. Kwamfutocin Dell, idan ba su gane cajar da aka soka musu ba, ko ƙarfinta bai kai ba, sukan rubuta gargaɗi a lokacin kunnawa, su kuma taƙaita gudun injin. Mutane kan danna maɓalli su wuce gargaɗin ba su karanta ba, alhali cajar kasuwa ce aka haɗa musu da ita ranar saye. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin Afrilu da Mayu da ke kai maki 40, ga al'adar ɗora laftof kan darduma ko katifa, inda iska ba ta shiga ta ƙasa. Injin da ya yi zafi da kansa yake sassautawa don kada ya ƙone. Buɗe shi a kakkaɓe ƙura aikin mai gyara ne na gaskiya, kuma ya cancanci a biya shi.

Yanzu a dubi abin da fomatin ke yi wa duk waɗannan. Ba ya taɓa saitin talabijin. Ba ya canza ramin HDMI, ba ya gyara caja, ba ya cire ƙura. Abin da yakan yi shi ne ya ƙara dagula lamarin. Kowace kwamfuta tana da manhajar da ke tafiyar da sashen hotonta, wadda masu gyara ke kira direba, ta Intel ko AMD ko Nvidia. In an zuba sabon Windows cikin gaggawa, ba a jona intanet ba don tsimin data, sai injin ya tashi da ta wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Da ita hoto zai fito, amma komai zai yi nauyi, sau da yawa ma allo na biyu ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Mutum ya kai kwamfuta da kibiya mai jan ƙafa, ya dawo da wadda ta fi ta nauyi, ga kuɗi ya fita. Ɗalibin da bai kwafe kundinsa a filashi ba kuwa, babi huɗu sun tafi, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri.

Ba na ɗora wa masu gyara laifin duka. Yawancinsu a hannun wani oga suka koya, shi ma haka ya koya. Kuma mu masu kai gyara muna da namu: wanda ya zauna ya bincika, ya ce maka je ka canza saiti a talabijin ɗinka, ba mu ganin ya yi aikin da za a biya shi, sai wanda ya riƙe injin kwana biyu. Ga shi kuma laftof kaɗai ake kai masa, allon da ke da matsalar yana gida, yaya zai gano? Akwai kuma lokacin da zuba sabon Windows shi ne daidai, idan manhajojin sata sun cika injin da tarkace. Amma ana gane wannan ne bayan an danna Ctrl da Shift da Esc an ga abin da ke cinye ƙarfin injin, ba kafin nan ba. Sau da yawa abin da za a gani shi ne tsohon rumbu mai juyawa ya cika aiki ya kai kashi 100 cikin 100, shi kuwa maganinsa a sa sabon rumbu irin na SSD.

Abin da ya sa na ba wannan 'yar matsala fili guda a jarida shi ne yaranmu na Kurfi da ƙauyukan da ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Yaro da yawa ranar da aka kai shi wurin koyon jarrabawa ita ce ranar farko da ya ɗora hannu a kan maus. In kibiya ta ƙi bin hannunsa, ba zai ce allon ne ba, tunda bai taɓa ganin mai kyau ba. Cewa zai yi shi ne bai iya ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da wannan tsoron. JAMB kanta ta lura da wahalar maus, shi ya sa a 2017 ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don dawowa. Malaman da ke horar da yara su koya musu waɗannan tun ranar farko.

Masu sayo wa makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi kayan aiki su ma su ji. In an zo rubuta takardar kwangila, a rubuta allon kwamfuta mai 1920 da 1080 a 60Hz, kada a rubuta "babban allo" kawai, don ɗan kwangila talabijin zai kawo, mai girma, wanda zai yi kyau a hoton bikin miƙawa. Ranar karɓar kaya kuma a zaunar da wanda zai yi aiki da su, a jona laftof ɗin da zai riƙa amfani da ita, ya motsa maus a kan kowane allo ɗaya bayan ɗaya, sannan a sa hannu.